Wa Ke Tambayar Mai Jego?

Babu inda ake ba da cikakken labarin ɗakunan haihuwa na Kumasi kamar gidan suna. A Aboabo ne, ko Sawaba, ko Tafo Zongo, da zarar an raɗa suna maza sun watse, mata sun baje a tsakar gida ana rabon waakye, to hira za ta koma kan asibiti. A nan ake jin inda ake karɓar mace da fara'a ko da tsakar dare ta je, da inda sai an yi ta buga ƙofa. A nan ake jin wace ungozoma ce mai sauƙin hannu, wace ce ke zama kusa da mai naƙuda tana shafa mata baya, wace ce kuma ake addu'ar kada a tarar da ita a bakin aiki. Har kuɗin da aka kashe ana lissafawa, sidi bayan sidi, duk da an ce haihuwa kyauta ce. Bayani ne na waɗanda suka gani da idonsu, suka ji a jikinsu. Amma idan an naɗe tabarmi, maganar ta ƙare ke nan. Ba ta isa kunnen shugaban asibiti, ba ta isa ofishin lafiya na gunduma, kuma mai jego ta gaba za ta je ta tarar da abin da ta baya ta tarar.

Ra'ayina shi ne, a cikin duk hanyoyin gyara harkar haihuwa a ƙasar nan tamu ta Ghana, babu mai arha kamar a tambayi iyaye abin da suka gani, a rubuta, a yi aiki da shi, sannan a dawo a gaya musu abin da aka yi. Kuma babu wadda aka fi yin sakaci da ita.

Na daɗe ina raka mata asibiti a unguwarmu, saboda ina jin Twi da Turanci, kuma ba na jin nauyin yin tambaya. Don haka ba zan ce ba a yi komai ba. An kafa inshorar lafiya a 2003, zamanin Shugaba Kufuor, kuma daga Yulin 2008 aka ce mai ciki ta yi rajista kyauta, ta yi awo kyauta, ta haihu kyauta. Iyayenmu da suka san zamanin da sai ka biya kafin a taɓa ka sun san girman wannan sauyi. Mata kuwa sun amsa kira. Binciken lafiyar mata masu haihuwa da aka yi a Ghana a 2017 ya nuna kashi 79 cikin 100 na haihuwa a asibiti ake yin su. Amma wannan binciken dai ya nuna mata 310 ke rasuwa a kowace haihuwa 100,000, alhali burin da ƙasashen duniya suka sa wa hannu shi ne a sauko ƙasa da 70 kafin 2030. Shekara da shekaru ana yi mana wa'azi a rediyo cewa mu daina haihuwa a gida. To mun zo. Yanzu tambayar da ta rage ita ce me muke tararwa idan mun zo, kuma amsarta tana bakin matan da suka kwanta a kan gadon.

A 2019 an wallafa wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a ƙasashe huɗu: Ghana, Gini, Najeriya da Myanmar. Masu binciken sun zauna a ɗakunan haihuwa sun kalli abin da ke gudana, sannan sun bi mata har gida sun tambaye su. Sun gano fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan sun gamu da wulaƙanci: tsawa, zagi, gori, mari, ko danne mace da ƙarfi. Abin ya fi tsananta daga minti 30 kafin jariri ya fito zuwa minti 15 bayan fitowarsa, wato daidai lokacin da mace ba ta da ƙarfin kare kanta. Waɗanda suka fi shan wahalar su ne ƙananan mata da waɗanda ba su yi zurfi a boko ba. An kuma ga ana yi wa mata da yawa ƙari, wato yanka don buɗa hanyar jariri, ana duba su ta ƙasa, ba tare da an nemi izininsu ba. Duk wadda ta karanta wannan ta san 'yan matanmu na zango masu haihuwar fari suna cikin waɗanda ake magana a kansu. Kuma babu wani abu a ciki da ba a faɗa a gidan suna tun kafin masu bincike su zo.

Akwai masu cewa wannan duk maganar ladabi ce, abin da ya fi muhimmanci shi ne uwa da ɗa su fita da rai. Ban yarda a raba biyun ba. Manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa su ne zubar jini da hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga, kuma dukkansu mace ce ke fara jin alamarsu kafin na'ura ta nuna. Ita ce za ta ce kaina yana sara, ina ganin dishi-dishi, ƙarƙashin haƙarƙarina yana ciwo. Ita ce za ta ji zanen da ke ƙarƙashinta ya jiƙe fiye da kima, ko ta ji ɗan ya daina motsi tun safe. Matar da aka daka wa tsawa sau biyu ba za ta sake kira na uku ba. Za ta ja mayafi ta rufe fuska ta yi shiru, har sai makwabciyar gadonta ta ga ta fara sandarewa. A ɗakin da mace ke tsoron buɗe baki, an rasa ma'aunin farko na gano haɗari.

Illar kuma ba ta tsaya a wannan haihuwar ba. Na sha jin manyan mata suna ba ƙanana shawara: kada ki je da wuri, ki daure a gida sai kan ɗa ya kusa, don kada ki daɗe a hannunsu. Wannan shawara daga ƙauna ta fito, kuma daga abin da aka gani ta fito, amma tana kashe mutane. Ita ce ke sa mace ta haihu a cikin pragya, wato babur mai ƙafa uku, a kan hanya, ko ta iso asibiti bayan naƙuda ta yi tsawo ɗa ya gaji. Sai ma'aikata su ce matan zango ba sa zuwa da wuri, a rubuta haka a takarda, ba wanda ya koma ya tambayi dalili.

Kada a ɗauka matsalar talauci ce kawai. A Ingila, inda ba a rasa gado ba a rasa magani, wata babbar ungozoma mai suna Donna Ockenden ta fitar da rahoto a Maris 2022 kan asibitocin Shrewsbury da Telford. Ta gano jarirai kusan 200 da iyaye mata 9 da wataƙila da sun rayu in da an kula da su yadda ya kamata, kuma abin da ya yi ta maimaituwa a rahoton shi ne ba a saurari iyaye ba. Binciken ma iyayen da suka rasa 'ya'yansu ne suka matsa har aka yi shi. Idan rashin sauraro zai yi wannan ɓarna a inda akwai kayan aiki, ina ga inda ungozoma ɗaya ke tsaye a kan mata da yawa cikin dare?

Za a ce ai akwai hanyoyin kai ƙorafi. Akwai su a takarda. Hukumar Lafiya ta Ghana tana da kundin haƙƙin majiyyaci tun 2002, wanda ya ce mara lafiya yana da haƙƙin a yi masa bayani, a nemi yardarsa, a kiyaye sirrinsa. Akwai majalisar da ke kula da aikin nas-nas da ungozoma, akwai CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam. A asibitoci da yawa za ka ga ɗan akwati a manne da bango an rubuta da Turanci cewa a jefa shawara. To a duba wadda ake so ta yi amfani da shi. Mace ce da ta haihu jiya, da ɗinki a jikinta, da jariri a hannu, ana hanzarta sallamarta don wata na jiran gadon. Wataƙila karatun allo da na makaranta ta yi, ba ta rubuta Turanci. Wataƙila baƙuwa ce daga arewa ko Nijar ko Burkina, Twi ɗinta na ciniki ne a kasuwa, bai kai na bayyana ciwo ba. Kuma ta san sarai za ta dawo wannan asibitin awon yaro, ta san bayan shekara biyu ko uku za ta iya sake faɗawa hannun wadda ta kai ƙara. Wace mai hankali ce za ta rubuta sunanta ta jefa? Idan aka buɗe akwatin aka ga babu komai, ba shaida ba ce cewa babu ƙorafi.

Mu ma muna da namu laifin, kuma nan ne maganar ta fi yi mini nauyi. Tun muna yara ake koya mana cewa mace ta gari ba ta kuka a naƙuda, ba ta faɗin abin da ya same ta a ɗakin haihuwa, musamman a haihuwar fari da kunya ke rufe baki. Idan mai jego ta fara cewa, "Mma, kin san abin da suka yi mini?" sai a tare ta: "Ke dai ki gode wa Allah, tunda kin sauka lafiya. Yi haƙuri, ya wuce." Idan kuma ba a sauka lafiya ba, sai a ce kwana ne ya ƙare. Na yi imani da ƙaddara, kuma babu mai rai da zai wuce lokacinsa. Amma yarda da hukuncin Allah bai hana a tambayi me ya sa aka bar mace awa da awanni ba a duba ta ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce addini nasiha ne. Wadda ta faɗi abin da ya same ta don kada ya sami 'yar'uwarta, nasiha ta yi, ba rashin tawakkali ba. Ina roƙon malamanmu su faɗi wannan a kan mumbari da wuraren tafsiri, domin kalma ɗaya daga bakinsu za ta sake harshen mata da yawa.

Ba na kiran a yi wa ungozomomi taron dangi. Na ga wadda ta kwana a tsaye, ta karɓi haihuwa bayan haihuwa ba ta sa komai a bakinta ba, da safe kuma ta ciro kuɗinta ta saya wa wata baƙuwa koko. Na ga ana neman jini babu, ana neman gado babu, asibiti yana jiran kuɗin inshora da ba su zo ba, abokan aiki kuma suna ta tafiya Ingila da Amurka. 'Ya'yanmu na zango ma yanzu suna cikin masu sa wannan rigar, suna dawowa gida a gajiye suna ba mu labari. Mutumin da aka matse haka, haƙurinsa yana ƙarewa, ko da yake gajiya ba ta halatta mari. Tambayar iyaye za ta amfane su su ma. Za ta fito da sunayen masu kirki, waɗanda yanzu ba mai yaba musu sai addu'ar da ake yi musu a ɗaka. Kuma idan mata ɗari suka ce babu ruwa a banɗakin ɗakin masu jego, shugabar ungozomomi ta sami abin da za ta ɗora a teburin manya, maimakon a ce ita ce mai yawan ƙorafi.

Mu mutanen Kumasi mun ga abin da murya ke iya yi. Ginin sashen haihuwa da aka fara a asibitin Komfo Anokye tun shekarun 1970 ya yi sama da shekara 40 ba a gama ba, alhali ana cusa jarirai da yawa a gado ɗaya. Ma'aikata sun sani, iyaye sun sani. Sai a 2017 ɗan jarida Seth Kwame Boateng na Joy News ya nuna wa ƙasa halin da ake ciki, uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, Rebecca Akufo-Addo, ta jagoranci neman taimako, kuma a Janairun 2018 aka buɗe sabon sashen uwa da jariri. Abin da aka yi shekaru ana gani, cikin watanni aka magance wani ɓangarensa da zarar an ji shi da ƙarfi. Sai dai ba kowane ƙaramin asibiti ne kyamara za ta shiga ba, kuma bai kamata sai an nuna gawa a talabijin kafin a saurari mutane ba.

Abin da zai ba mai tsara manufofi mamaki, idan ya zauna ya saurara, shi ne yawancin buƙatun ba masu tsada ba ne. Mace tana son labule tsakaninta da gadon kusa, kuma idan likita namiji ne ko ɗalibai za su shigo, a gaya mata tukuna, a bar ta ta rufe jikinta. Tana son a ce mata, "Hajiya, zan duba ki yanzu," kafin a sa mata hannu. Idan za a yi mata ƙari a faɗa mata dalili, idan za a ɗinke a kashe wurin. Idan an ce sai an yi aiki, a zaunar da ita da mijinta a yi musu bayani da yaren da suke ji, domin yawancin gardamar da ake yi kan tiyata daga tsoro take da rashin bayani. Tana son a ba danginta mabiyiya su je su binne yadda muka saba, ba tare da an yi musu kallon marasa wayewa ba. Uba yana son minti biyu ya yi wa ɗansa kiran salla a kunne. Sannan ga jerin kayan da ake ba mai ciki ta sayo, Dettol da Parazone da sabulu da leda da sauransu, ga kuɗin magani da na gwaji da ake karɓa: mutane suna son a rubuta a bango abin da inshora ta ɗauka da abin da ba ta ɗauka ba, kuma duk abin da aka biya a ba da rasit.

Buƙatar da na fi ji a bakin mata ita ce a bar mace ta shiga da mutum ɗaya nata, uwa ko ya ko ƙawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da wannan shawarar a ƙa'idojinta na 2018. Ana cewa ɗakunan sun yi ƙanƙanta, kuma gaskiya ne a wurare da yawa. Amma 'yar rakiya ido ce ga ungozomar da aiki ya yi wa yawa. Ita za ta ga jini ta yi ihu, ita za ta fassara, ita za ta ba da ruwa, kuma kasancewarta kaɗai yana sa kowa ya iya bakinsa. Hakanan idan an saba magana ba tsawa, mace za ta faɗi gaskiyar abin da ta sha a gida kafin ta zo, rubutu ne ko jiƙon da ake cewa yana gaggauta naƙuda, wanda sanin sa zai iya ceton mahaifarta. Yanzu ɓoyewa ake yi don gudun faɗa.

Ta yaya za a tambaya? Da baki, ba da takarda ba. Kuma ba ranar sallama ba, lokacin da mace ba ta da burin da ya wuce ta ga ta fita. Lokacin da ya dace shi ne wajen arba'in, sa'ad da take kawo yaro awo da allurar mako shida, jikinta ya dawo, hankalinta ya kwanta. Mai tambayar kada ta kasance ma'aikaciyar ɗakin haihuwar, kuma kada a rubuta suna. A yi da Hausa, da Twi, da Dagbani, da Frafra, duk yaren da mace ta fi sakewa da shi. Wadda ba ta son zama gaba da gaba a ba ta lambar da za ta aika saƙon murya ta WhatsApp, tunda wannan kowace mace a zango ta iya. Ba sabon abu ba ne ga hukuma: tun 2018 aka fara tsarin da kwamitocin al'umma ke ba cibiyoyin lafiya maki duk wata uku, kan abubuwa irin su mutunta majiyyaci, tsawon jira, samun magani da tsabta. Abin da nake nema shi ne a kawo wannan tsarin ƙofar ɗakin haihuwa na manyan asibitocin birni, kuma a sa matan da suka haihu cikin shekarar a kujerun kwamitin, ba dattawa maza kaɗai ba. Muna da magajiyoyi, muna da FOMWAG, haɗaɗɗiyar ƙungiyar mata Musulmi ta Ghana, muna da ƙungiyoyin adashi da na makarantun matan aure da ke haɗuwa kowane mako. Waɗannan za su iya tattara maganar su kai ta da murya ɗaya, yadda ba wadda za a ware a ce ita ta faɗa.

Maza ma a tambaye su, amma daban, don mace ba za ta faɗi wasu abubuwa a gaban mijinta ba. Shi ne wanda aka bari a waje yana safa da marwa, aka aike shi kantin magani cikin dare, aka ce ya nemo masu ba da jini, aka ce a wuce wani asibitin ba tare da an kira can an ji ko akwai gado ba. Ya san ɓangaren labarin da matarsa ba ta gani ba. Kuma a wajen wannan tambayar ne za a samu damar gaya masa nasa: ya bar izini a buɗe tun kafin watan haihuwa, kada a zauna jiransa ya dawo daga kasuwa, ya kuma tanadi 'yan'uwan da za su ba da jini.

Sharaɗin da in babu shi duk wannan aikin banza ne, shi ne a dawo da amsa. Mutanenmu sun gaji da masu zuwa da takardu su yi tambayoyi su tafi. Duk wata uku shugabar ɗakin haihuwa ta zo inda mata suke, ko ta shiga gidan rediyon Zuria FM, ta ce: kun ce kaza, mun gyara kaza, kaza kuma ya fi ƙarfinmu, ga wanda ke riƙe da shi. Ko da labule uku ne aka rataya, a faɗa. Mata suna ganin maganarsu ta motsa wani abu, sauran za su buɗe baki.

Akwai kuma gidajen da ba a yi suna ba. Idan mace ta rasu wajen haihuwa, ma'aikata suna zama su bi takardunta su ga inda aka kuskure, kuma wannan abu ne mai kyau. Amma a duk gidajen makokin da na zauna, ban ga an zo daga asibiti an tambayi uwar mamaciyar ko mijinta abin da suka gani ba. Su ne suka san ƙarfe nawa ciwon ya fara, asibiti nawa aka zaga, sau nawa suka je teburin nas suka ce a zo a duba ta. Takarda tana ɗauke da abin da aka rubuta ne kawai. Haka matar da ta koma gida hannu biyu babu ɗa, sau da yawa ba wanda ya gaya mata me ya kashe shi, sai ta ɗauki wani cikin da tsoro da zargin kanta. A bari a share makoki, sannan babbar ma'aikaciya ta zo tare da limamin unguwa ko magajiya, ta yi ta'aziyya, ta yi bayanin abin da aka sani, ta saurari nasu, a sa shi cikin binciken. Sarakunan zango da 'yan majalisar gundumar Asokore Mampong suna da ikon neman zama da daraktan lafiya kan wannan, kuma ya kamata su nema a wannan shekarar, su tafi da mata a cikin tawagar.